Darasin Kimiyya: Bairos Ɗin da Ake Gadonsa a Jikin Kuromosom

Ɗalibai, tun a darasin farko na ilimin lafiya aka koya muku raba cututtuka gida biyu. Akwai na ɗauka, irin su ƙyanda da tarin fuka, waɗanda mutum ke kwasa daga wani. Akwai kuma na gado, irin su sikila, waɗanda yaro ke zuwa da su duniya daga iyayensa. Wannan rabo yana da amfani, amma akwai bairos ɗaya da ya shiga gidajen biyu. Kusan kowa a ajin nan ya ɗauke shi kafin ya cika shekara biyu ko uku. A lokaci guda kuma, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya gadonsa ya yi, yana ɗinke a jikin kuromosom ɗinsa tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Sunansa bairos ɗin hapis na ɗan'adam mai lamba shida, a taƙaice HHV-6.

Dangin hapis

Bairos na dangin hapis da ke kama ɗan'adam guda tara ne. Kun san wasu da aikinsu ko da ba ku san sunansu ba. Ɗaya ne ke fito da ƙurajen nan masu ruwa a gefen leɓe bayan an sha zazzaɓi. Wani shi ne mai kawo ƙarambau, wanda bayan shekaru masu yawa yake iya dawowa wa dattijo da ƙuraje masu raɗaɗi, jere a ɓangare ɗaya na jiki. Akwai kuma bairos ɗin Epstein da Barr, wanda ke da hannu a sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Najeriya tana da suna a tarihin wannan bincike: a 1963, a Ibadan, R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin sankara daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau ɗakunan bincike na duniya suna aiki da zuriyar waɗannan ƙwayoyi da sunan Raji.

Halin da ya haɗa dangin nan shi ne, in sun shiga jiki ba sa fita. Garkuwar jiki tana murƙushe su, sai su laɓe a cikin wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda a darasin nan za mu riƙa kira sel. Yawancinsu ga yadda suke laɓewa: DNA ɗin bairos yana shiga cibiyar sel, bakinsa biyu su haɗe ya zama zobe, ya zauna kusa da kuromosom ba tare da ya shiga jikinsu ba. Bairos ɗin Epstein da Barr yakan faɗa cikin kuromosom jifa-jifa, amma tsautsayi ne, rayuwarsa ba ta rataya a kan hakan ba. HHV-6 ne ya kauce wa al'adar gidansu.

Yadda yake bayyana a jikin yaro

An gano HHV-6 a 1986 a ɗakin binciken Robert Gallo da ke Amurka, a aikin da Zaki Salahuddin da Dharam Ablashi suka yi. Bayan shekara biyu, a 1988, Koichi Yamanishi da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa shi ke jawo wani zazzaɓin jarirai da likitoci suka daɗe da sani da sunan rosiyola. Daga baya aka tabbatar iri biyu ne, HHV-6A da HHV-6B, kuma a 2012 aka raba su a hukumance. Na biyun ne ya fi kawo rosiyola.

Ku da za ku yi aiki a ɗakin yara, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Gwaram, ku riƙe siffar nan. Uwa ta kawo yaro ɗan wata takwas ko tara. Jikinsa ya yi rau, ma'auni ya nuna 39 ko ma 40, amma yana kama nono, yana bin mutane da ido. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a ga komai ba. Zafin ya yi kwana uku zuwa biyar, sai ya sauka farat ɗaya. A ranar da uwa ta fara samun natsuwa, sai ga ƙananan ƙuraje sun feso a ƙirji da ciki da baya. A fatar da ta yi duhu ba su cika fitowa fili ba, sai an kai yaron haske an duba da kyau. Kwana ɗaya ko biyu sun ɓace.

Nan ake yawan kuskure biyu. Kaka za ta ce ƙyanda ce, alhali ƙurajen ƙyanda suna fitowa ne zazzaɓi na kan ganiyarsa, suna farawa daga fuska da bayan kunne, ga tari ga jan ido. Uwa kuma za ta ce maganin da aka ba shi ne bai karɓe shi ba, tunda ƙurajen sun biyo bayan shan magani. Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne taune-taune saboda zafin jiki. Wani babban bincike da Caroline Hall ta jagoranta a Rochester ta Amurka, wanda aka buga a 1994, ya danganta kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan jijjiga a yara 'yan ƙasa da shekara biyu da HHV-6. Kada dai wannan ya sa ku raina zazzaɓin jariri. A ƙasarmu gwajin cizon sauro ne farko, kullum.

Ta miyau ake ɗaukarsa, galibi daga manyan gida masu ƙoshin lafiya. Wannan shi ne ɓangaren ɗauka.

Bakin kuromosom

Kafin mu je ga gado, mu tuna ginin sel. A cibiyar kusan kowane sel na jikinka akwai kuromosom 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane kuromosom dogon zaren DNA ne guda ɗaya, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Tunda zare ne mai baki biyu, kowane sel yana da bakuna 92.

Duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya san in ba a ƙulle bakinta ba, warwarewa za ta yi. Ƙullin bakin kuromosom shi ake kira telomiya. Haruffa shida ne, TTAGGG, ake ta maimaita su sau ɗaruruwa har zuwa dubbai, tsawon haruffa dubu 5 zuwa dubu 15 a jikin ɗan'adam. A can ƙarshe, zaren yana lanƙwasowa ya cusa kansa cikin jikinsa ya yi madauki, wasu furotin su lulluɓe shi. Amfanin wannan biyu ne. Yana hana sel ɗaukar bakin kuromosom a matsayin karaya da ke neman ɗori. Sannan duk lokacin da sel ya rabu biyu, bakin zaren yana ɗan gutsurewa, to telomiya ce ke ɗaukar asarar maimakon bayanan gado masu amfani. Akwai sinadarin da ke ƙara mata tsawo, telomares, wanda ya fi aiki a ƙwayoyin haihuwa. Aikin gano waɗannan abubuwa ne ya ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009.

Yadda ɗinkin ke faruwa

Nan ne zuciyar darasin, don haka ku ajiye biro ku saurara tukuna.

DNA ɗin HHV-6 zare ne miƙaƙƙe mai haruffa kimanin dubu 160. A tsakiya akwai dogon sashe mai ɗauke da umarnin gina bairos. A hagu da dama kuma akwai wani sashe mai haruffa wajen dubu 8, iri ɗaya sak a ɓangarorin biyu. Da masana suka karanta waɗannan sassa na gefe, sai suka tarar da abin mamaki: TTAGGG, TTAGGG, TTAGGG, a jere. Bairos yana ɗauke da rubutun bakin kuromosom ɗinmu a nasa bakin. Kowane sashen gefe yana da jeri biyu, ɗaya tsantsar TTAGGG ne, ɗaya kuma gauraye da wasu haruffa.

Shi kuwa sel yana da ma'aikatan gyara. In zaren DNA ya karye, sukan nemi wani zaren mai rubutu iri ɗaya, su jera su kafaɗa da kafaɗa, su buɗe ɗaya su saƙa ɗayan a ciki, su kwafi abin da ya ɓace. Mu kira wannan aiki musanyar makamanta. Ma'aikatan nan ba sa tambayar asalin zare, rubutu kawai suke dubawa.

To ga abin da ke faruwa. Bairos ya manne a jikin sel, galibi farar ƙwayar jini irin ta T, ya zuba DNA ɗinsa, DNA ya isa cibiya. In sel ya ba shi dama, sai ya hayayyafa, ya fito da dubban 'ya'ya, sel ya mutu. In kuwa bai samu wannan dama ba, jerin tsantsar TTAGGG na bakinsa na dama yana iya haɗuwa da telomiyar wani kuromosom. Rubutu ya zo ɗaya, musanya ta auku. Telomiyar asali, daga wurin haɗuwar zuwa waje, ta yanke ta tafi, zaren bairos ya maye gurbinta. Yanzu bakin bairos na hagu shi ne ya zama sabon ƙarshen kuromosom, kuma tunda shi ma yana da nasa jerin TTAGGG, sai ya zama tushen sabuwar telomiya. In ka bi kuromosom ɗin daga tsakiya zuwa baki, ga abin da za ka tarar: DNA ɗin mutum, guntun tsohuwar telomiya, bairos cikakke amma a juye, sannan sabuwar telomiya. Duk lokacin da sel ya kwafi kansa, zai kwafi baƙon tare da nasa.

Ta yaya aka san haka ne? A 1993 Mario Luppi da abokansa a Modena ta Italiya suka fara ba da rahoton DNA ɗin HHV-6 a haɗe da na mutum. A 2010 Jesse Arbuckle da Peter Medveczky a Florida suka karanta haruffan daidai wurin ɗinkin, suka nuna a telomiya yake. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta 2016, daga ɗakin binciken Benedikt Kaufer a Berlin. Sun cire jerin TTAGGG daga jikin bairos, sai ya ci gaba da hayayyafa lafiya lau, amma shigarsa kuromosom ta ragu ƙwarai. Haka ake gwaji mai kyau: ka cire abu ɗaya tak, ka ga me ya tsaya. Ɗakin binciken ya kuma cire wani furotin na bairos mai suna U94, wanda aka daɗe ana zaton shi ne maɗinkin, sai aka ga ɗinki bai fasa ba.

Ku kwatanta da HIV mai kawo ƙanjamau. Shi yana zuwa da almakashinsa, wani sinadari mai suna integires, wanda ke yanka DNA ɗin mutum a wurare barkatai ya cusa nasa. Maganin dolutegravir da ke cikin ƙwayar da ake ba masu ɗauke da HIV a asibitocinmu, wannan sinadari yake toshewa. HHV-6 wuri ɗaya yake nufa, bakin kuromosom, kuma kamannin rubutu ne jarinsa.

Daga ɗauka zuwa gado

A jikin yawancinmu, wannan ɗinki yana faruwa ne a 'yan tsirarun sel na jini, kuma yana ƙarewa da mu. Amma a wasu lokuta a tarihi, bairos ya samu shiga ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi. Ɗan da aka haifa daga wannan ƙwaya, tunda duk jikinsa daga sel ɗaya ya tsiro, yana da kwafin bairos a kowane sel mai cibiya: a fata, a hanta, a ƙwaƙwalwa, a tushen gashi. A 1999 Masanori Daibata a Japan ya nuna yadda abin ke bin iyali daga iyaye zuwa ɗa.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Mai ɗauke da shi yana da shi a kuromosom ɗaya cikin tagwaye biyu, don haka kowane ciki rabi-da-rabi ne, ko ɗa ya gada ko bai gada ba, daga uwa ko daga uba duk ɗaya. An same shi a bakin kuromosom daban-daban, irin su na 9, na 17, na 18, na 19 da na 22, amma a cikin zuriya guda wurin ba ya sauyawa.

Yawansa ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Wani bincike a Japan ya samu kimanin kashi 0.2 cikin ɗari, a Quebec ta Kanada kusan 0.6, a cikin masu ba da jini a Ingila 0.8, a Scotland kuma 2.7. Don ku ji nauyin kashi ɗaya cikin ɗari, mu yi lissafin allo. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta haura mutum dubu 300, Gwaram ta haura dubu 270. Kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar ya kusa mutum dubu 6. Wannan misalin lissafi ne kawai da matsakaicin duniya, kada wani ya rubuta shi a jarrabawa a matsayin ƙidayar Jigawa.

Yawancin masu ɗauke da shi daga kakanni na nesa suka gado. Ƙungiyar Nicola Royle a Jami'ar Leicester ta kwatanta bairos ɗin da ke jikin Turawa da ba su san juna ba, ta tarar da yawa iri ɗaya ne a wuri ɗaya, alamar kaka guda, kuma ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin waɗannan kakanni ya rayu wajen shekara dubu 24 da suka wuce. Kada abin ya ba ku tsoro. Kimanin kashi 8 cikin ɗari na DNA ɗin kowane ɗan'adam ragowar tsofaffin bairos ne na dangin su HIV, sai dai waɗancan sun lalace tuntuni. Bambancin HHV-6 shi ne sau da yawa yana nan cikakke.

Yana iya fita?

Yana iyawa. Telomiyar da ke ɗauke da bairos sau da yawa ita ce mafi gajarta a sel. Madaukin nan da muka ce bakin kuromosom yana yi, yana iya lanƙwasowa ya cusa kansa cikin jerin TTAGGG na can ciki, a ɗaya gefen bairos. In aka yanke madaukin, sai bairos ya fita a matsayin zobe, wanda ke iya komawa hayayyafa. A 2014 likitoci a Japan suka ba da rahoton wani jariri da aka haifa da raunin garkuwar jiki mai tsanani, wanda bairos ɗin da ya gada daga mahaifinsa ya farka ya jefa shi cikin ciwo. An tabbatar da haka ne ta kwatanta haruffan bairos ɗin da ke yawo a jininsa da na wanda ke cikin kuromosom ɗinsa.

Ga masu cikakkiyar garkuwa, mafi yawansu suna rayuwa har tsufa ba su san da shi ba. Akwai dai bincike biyu da ya kamata ku sani. Na Quebec a 2015, a kan mutum kusan dubu 20, ya samu ciwon ƙirji na zuciya ya ninka kusan sau uku a masu gadon. Na Cambridge a 2020 ya samu cewa in ɗan tayi yana ɗauke da shi, haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, yana ƙaruwa ga uwa. Waɗannan alaƙa ce aka gani a ƙididdiga, kuma ƙarin haɗari daban yake da tabbacin ciwo. Ra'ayina a nan a fili yake: wannan gado bai kai a sa shi a layi ɗaya da sikila wajen gwajin kafin aure ba, kuma ba dalilin fasa aure ba ne. Abin da zai ceci mai ciki a garin Basirka ko Babaldu shi ne awon ciki da auna hawan jini a kan kari, ko da bairos ko babu.

Inda ilimin nan ya fi amfani shi ne wurin karanta sakamakon gwaji. Gwajin PCR, wanda kuka ji sunansa a zamanin korona, DNA yake ƙirgawa. In aka gwada jinin mai gadon, za a ga kwafin bairos dubu ɗaruruwa har miliyoyi a kowace mililita, domin kowace farar ƙwayar jini tana da guda. Likitan da bai san da wannan ba zai ɗauka mummunan kamu ne, ya ɗora lafiyayyen mutum a kan maganin gansaikulobir mai rage ƙwayoyin jini, ko foskanet mai taɓa ƙoda. Hanyar rarrabewa ita ce a gwada tushen gashi ko farce. In aka samu bairos a can, gado ne. Haka kuma adadin mai gado ba ya sauka ko an sake gwaji bayan wata da watanni. Masu dashen ɓargo da na ƙoda sun fi kowa kula da wannan, domin mai ba da ɓargo yana iya miƙa wa majiyyaci nasa gadon.

Ɗan'uwansa a akurkin kaji

Wanda yake son ganin aikin irin wannan ɗinki da idonsa, ya leƙa wurin masu kiwon kajin gidan gona. Akwai cutar Marek, wadda likitan dabbobi ɗan Hungary, József Marek, ya siffanta a 1907. Bairos ɗin da ke kawo ta ɗan dangin hapis ne, shi ma yana da jerin TTAGGG, kuma yana ɗinke kansa a telomiyar fararen ƙwayoyin jinin kaza.

Budurwar kaza 'yar wata uku ko huɗu, wadda ake sa ran ta kusa fara ƙwai, sai ta fara ɗingishi. Bayan kwanaki ta zube, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta miƙe baya, fiffike ya saki. Tana ganin abinci ba ta iya isa gare shi, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa. Wata idonta ya koma ruwan toka. In likitan dabbobi ya buɗe ta, zai tarar da hanta da saifa sun kumbura da fararen ƙulluwa, jijiyar cinya ta yi kauri. Sankara ce, kuma a cikin ƙwayoyin sankarar bairos yana zaune a bakin kuromosom da yawa lokaci guda. A 2011 Kaufer da abokan aikinsa suka sauya haruffan TTAGGG na wannan bairos, sai sankarar ta ragu sosai a kajin gwaji.

Bambancinsa da namu biyu ne. Ba ya bin ƙwai zuwa ɗan tsako, ta ƙurar gashin kaji yake yaɗuwa, kuma ƙurar tana daɗewa a akurki da ƙarfinta. Sannan yana da rigakafi tun wajen 1970, wanda ake yi wa ɗan tsako a ranar da aka ƙyanƙyashe shi ko tun yana cikin ƙwai. Ba ya kama mutum. Saboda haka mai sayen 'yan tsaki, ko daga dila a gari ko a kasuwar Sara, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce ko an yi musu allurar Marek a wurin ƙyanƙyasa, domin in kaza ta riga ta zube babu maganin da zai tashe ta.

Aikin gida

Kowa ya zana kuromosom ɗaya a littafinsa, ya nuna tsohuwar telomiya, bairos a juye, da sabuwar telomiya, kowanne da launinsa. Sannan ku warware wannan: magidanci yana ɗauke da HHV-6 na gado a kuromosom na 17, matarsa ba ta da shi, sun haifi 'ya'ya shida. Nawa ake sa ran sun gada, kuma me ya sa zai yiwu a tarar babu ko ɗaya? Wanda gidansu ke kiwon kaji ya tambayo ranar da aka yi wa 'yan tsakinsu rigakafin farko da sunan rigakafin, ya zo mana da amsa ranar Litinin.